Shin Mary Slessor ce ta hana kashe tagwaye? Abin da limaman Kalaba suka rubuta da hannunsu

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya da wuya a ce bai haddace wannan amsa ba: wa ya hana kashe tagwaye? Mary Slessor. Ana tambayarta a jarrabawa, ana tambayarta a gasar kacici-kacici, kuma a Kalaba ga mutum-mutuminta nan tsaye riƙe da jarirai biyu. Sai dai lokaci zuwa lokaci gardama kan tashi a kafafen sada zumunta. Wasu su ce ƙaryar Turawa ce tsagwaronta, wasu su ce wanda ya taɓa sunan matar nan butulu ne. Yawancin masu gardamar ba su taɓa leƙa abin da mutanen da aka yi abin a gabansu suka rubuta ba, alhali rubutun yana nan tuli.

Limaman cocin Presbyterian da suka zauna Kalaba shekara 30 kafin zuwan Slessor sun bar littattafai, da kundin abubuwan yau da kullum, da wasiƙu. Su ne ginshiƙin abin da aka sani game da wannan zamani, kuma su ne suka fi warware amsar da muka haddace.

Su wane ne 'yan Presbyterian?

Reshe ne na Kiristocin Furotesta. Koyarwarsu ta samo asali daga John Calvin, Bafaranshen da ya zauna Janeba ya wallafa babban littafinsa na tauhidi a 1536. Almajirinsa John Knox ne ya kai ta Sikotland, inda majalisar ƙasar ta raba gari da Paparoma a 1560. Daga baya aka tattara aƙidarsu a wata takarda da malamai suka kammala a Westminster a 1646, cocin Sikotland ya amince da ita a 1647.

Abin da ya bambanta su da Katolika da Angalika shi ne ba su da bishop. Kowace ikilisiya fasto ne da zaɓaɓɓun dattawa ke tafiyar da ita. Ikilisiyoyin yanki su haɗu su zama majalisar gunduma, gundumomi su tura wakilai babban taro na ƙasa, wanda ake zaɓa wa shugaba na wa'adi. Mai karatu daga Binuwai ko Taraba zai gane tsarin, don cocin NKST na ƙasar Tibi da CRCN na yankin Takum da Wukari daga zuriyar Calvin ɗin suka fito, ko da yake su ta hannun 'yan mishan na Afirka ta Kudu da Amurka suka samu.

Wannan tsari na da sakamako biyu da suka shafi maganarmu. Cocin da kwamiti ke mulkinsa ba ya rabuwa da takarda: kowane zama sai an rubuta, kowane fasto sai ya kai rahoto. Sannan tun zamanin Knox suke da burin kowace unguwar coci ta samu makaranta, kuma ba sa naɗa fasto sai ya yi karatu mai zurfi, har da Girkanci da Ibrananci. Shi ya sa mutanen da suka aiko Kalaba suka zama masu alƙalami da tawada.

Daga Jamaika aka taso

Abu na farko da littafin makaranta ya tsallake shi ne tunanin zuwa Kalaba ba a Sikotland aka fara shi ba. A Jamaika ne, a 1841, shekara 3 bayan 'yantar da bayi gaba ɗaya a tsibirin, majalisar gundumar cocin ta yanke shawarar kai bishara ƙasar da aka kwaso kakannin mabiyanta. Jagoran tafiyar, Hope Masterton Waddell, mutumin Ailan ne da aka haifa a 1804, ya yi aikin coci a Jamaika tun 1829, kuma yana can aka yi babban boren bayi na 1831. Ya san bauta ido da ido.

A ɗaya gefen kuma, sarakuna biyu na Efik, ƙabilar mutanen Kalaba, Eyamba na Biyar na Duke Town da Eyo Honesty na Biyu na Creek Town, sun rubuta wasiƙu a 1842 suna neman a aiko musu waɗanda za su koya wa yara karatu, su kuma nuna musu noman auduga da gahawa da sarrafa rake. Dalilinsu a fili yake. Sun sa hannu kan daina sayar da bayi zuwa ƙetare, kasuwa ta koma ta manja, suna neman sabuwar hanyar arziki. Sun ambaci sanin Allah a wasiƙun, amma wanda ya karanta zai ga inda nauyin buƙatar ya karkata.

Ranar 10 ga Afrilu, 1846, jirgin ruwansu ya iso Kalaba. Tare da Waddell akwai Samuel Edgerley mai aikin ɗab'i da matarsa, da Andrew Chisholm kafinta da Edward Miller malamin makaranta, waɗannan biyun baƙaƙe ne daga Jamaika. Hugh Goldie ya biyo baya a 1847, William Anderson a 1849, su ma ta Jamaika suka ratso. Ita Mary Slessor a watan Disamba na 1848 aka haife ta. Wato lokacin da Anderson ya sauka Duke Town, ba ta fara tafiya ba.

Kada kuma a ɗauka sun tarar da mutanen da ba su san rubutu ba. 'Yan kasuwar Efik sun daɗe suna rubuta lissafinsu da wasiƙunsu da Turancin bakin teku. Ɗaya daga cikinsu, Antera Duke, ya bar kundin abubuwan da suka faru tsakanin 1785 da 1788, wanda wani ɗan mishan ya kai Edinburgh. Asalin takardar ta salwanta, abin da aka kwafa daga cikinta ne aka buga a 1956.

Abin da suka tarar, da yadda aka fara sauya shi

Al'adu uku ne suka cika shafukan Waddell da Goldie. Na farko, kashe bayi da mata idan babban mutum ya mutu don su raka shi. Na biyu, shayar da wanda ake zargi da maita gubar wani wake da ake kira esere: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifi ya tabbata. Na uku shi ne tagwaye. An yi imani ɗaya daga cikin jariran ɗan aljani ne, tun da kuma ba a san wanne ba, sai a yar da su duka a daji, uwar a kore ta daga gari. Ga Bahaushe da ke raɗa wa tagwaye Hassan da Hussaini yana murna, har na bayansu ya samu suna Gambo, abin kan zo da mamaki. Amma tsoro ne ya haife shi, tsoron cewa barinsu zai jawo wa gari duka bala'i.

Mutuwar Eyamba a 1847 ta zo da kisa mai yawa, 'yan mishan suna gani ba yadda za su yi. Bayan shekara 3 aka sake yin irinsa a jana'izar wasu manya biyu na Duke Town. A nan Anderson ya tashi haiƙan, ya haɗa kai da kyaftin-kyaftin na jiragen manja na Turawa, suka kafa ƙungiya, suka matsa wa sarakuna lamba. A watan Fabrairu na 1850 aka yi shelar dokar hana kashe mutane don rakiyar mamaci.

Wa ya yi shelar? Ekpe. Ita ce ƙungiyar asiri ta maza wadda a zahiri ita ce gwamnatin Efik: ita ke kafa doka, ita ke karɓar bashi, ita ke hukunci. Baturen mishan ba shi da ikon kafa doka a Kalaba ta 1850. Kuma mutumin da ya ja ragamar amincewa a cikin Ekpe shi ne Sarki Eyo Honesty na Biyu, wanda Waddell ya cika littafinsa da labarinsa. Eyo ne ke tara mutane a farfajiyar gidansa ran Lahadi, shi ne kuma ke yi wa Waddell tafinta. Duk da haka har ya mutu a 1858 bai yarda an yi masa baftisma ba, bai kuma saki matansa ba. Ya zaɓi abin da ya ga zai amfani garinsa, ya bar saura, kuma ya sha gaya wa Waddell a bi a hankali. Waddell ya rubuta wannan da ɗan takaici, mu kuwa yau muna karanta shi a matsayin shaidar ɗan siyasa mai lissafi.

Akwai hannu na uku da ba a cika ambata ba, wato bayin da kansu. Cinikin manja ya tara dubban bayi a gonakin bayan gari, kuma su ne ake kamowa idan ubangida ya mutu. Tun daga wajajen 1850 suka ƙulla rantsuwar jini a tsakaninsu cewa za su kare juna, har aka san su da mutanen jini. Sun shigo Duke Town da makamai a 1851, sun sake shigowa da mutuwar Sarki Archibong na Farko a 1852. Dokar da ke kan takarda ta samu haƙora ne ranar da waɗanda ake kashewa suka nuna ba za su tsaya a kama su ba.

Batun tagwaye ya fi wuya, don shi a ɗaki ake yin sa, cikin dare, ba a dandali ba. Hanyar da mishan ta bi ita ce mayar da harabarta mafaka. Tun shekarun 1850 ake kawo jarirai da iyayensu mata gidajen mishan, kuma mata ne suka ɗauki nauyin renon: matan limaman, da malamai irin su Euphemia Sutherland, da Louisa Anderson matar William, da matan Efik da ba a rubuta sunayen yawancinsu ba. A 1878 ƙaramin jakadan Ingila David Hopkins ya sa manyan Duke Town suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haramta kashe tagwaye da shayar da esere. Slessor na da shekara 2 kacal a Kalaba a lokacin, ƙaramar malama ce da ke koyon yare a ƙarƙashin Anderson da matarsa.

To me Slessor ta yi?

Ta yi abu mai yawa, kuma masu cewa ƙarya ce duka su ma sun kauce. 'Yar talakawa ce, ubanta mashayi, ta fara aiki a wata masaƙa a garin Dundee na Sikotland tana shekara 11. Ta iso Kalaba a 1876. Ba fasto ba ce, don cocin Sikotland bai buɗe wa mata wannan ƙofa ba sai 1968. Abin dariya ma, Knox da ya kafa cocin ya taɓa rubuta ƙasida mai zafi a 1558 yana tsine wa mulkin mata, sai ga shi sunan da ya fi kowanne fice a tarihin cocinsa a Najeriya na mace ne.

Dokokin 1850 da 1878 garuruwan Efik na bakin kogi suka shafa. Cikin ƙasa ba ruwansu. A 1888 Slessor ta tare a Okoyong, yankin da mishan ta daɗe tana shakkar shiga, ta zauna a ɗakin laka, ta ci abincin mutane, ta iya Efik kamar 'yar gari. Ta ceci jarirai da hannunta, ta reni da dama a matsayin 'ya'yanta, ta farkonsu Janie har Sikotland ta tafi da ita. A can ma ba ita kaɗai ba ce. Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, ita ke sanar da ita a asirce duk lokacin da ake shirin kisa ko shayar da guba, ita ma kuma ba ta zama Kirista ba. Daga baya Slessor ta ƙara nutsawa ƙasar Ibibio, ta rasu a Use Ikot Oku ranar 13 ga Janairu, 1915.

Akwai ɓangaren da masoyanta kan yi saurin wucewa. Daga 1892 gwamnatin mallaka ta ba ta ikon shari'a a kotun gargajiya ta Okoyong, daga baya ta yi irin wannan aiki a Ikot Obong. Shigarta yankin Itu da Arochukwu ta biyo bayan yaƙin da sojojin Ingila suka kai wa Aro a 1901 zuwa 1902. Saboda haka maganarta na da nauyin halinta, tana kuma da nauyin bindigar da ke bayanta. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin mishan ɗin. A 1855 jirgin yaƙin Ingila ya ragargaza Old Town, ɗaya daga garuruwan Kalaba, saboda kisan da aka yi a jana'izar sarkinsu, kuma har yau masana na muhawara kan rawar da ƙorafin 'yan mishan ya taka wajen jawo wannan hari.

Me ya sa sunanta kaɗai ya rage?

A nan ne sanin yadda aka yi rubutun ke da amfani. Mishan da kuɗin taro take tafiya, sulai da kwabban masu zuwa coci a Glasgow da Dundee. Cocin na da mujallar wata-wata da ke buga wasiƙun 'yan mishan, irin wadda mahaifiyar Slessor ke karanta wa 'ya'yanta. Mai rubuta wasiƙa ya san wa zai karanta, ya kuma san abin da ke sa hannu ya shiga aljihu. Duhu sai an zuzuta shi, haske kuma sai an ba shi fuska guda.

Littafin Waddell na 1863, kan shekara 29 da ya yi tsakanin Jamaika da Afirka, da na Goldie na 1890 kan Kalaba da mishan ɗinta, manyan littattafai ne masu nauyin karatu, cike da sunaye da ranaku da taƙaddamar Ekpe. Ba irin waɗanda ake karanta wa yara ba ne. Tarihin Slessor kuwa, wanda editan mujallar cocin W. P. Livingstone ya fitar jim kaɗan bayan rasuwarta, labari ne mai daɗi: 'yar masaƙa ita kaɗai a daji. An sake buga shi sau da yawa, aka yi wa yara nasu da laƙabin farar sarauniyar Okoyong, daga nan ya shiga makarantun Lahadi, ya shiga manhajar mulkin mallaka, muka gada. A 1997 wani bankin Sikotland ya sa hotonta a takardar fam 10. Waddell da Goldie da Anderson kuwa duk a shekara guda suka rasu, 1895, kuma in ba don makarantar da aka sa wa sunan Waddell ba, da shi ma ya ɓace daga bakin jama'a.

Masana tarihi na Kalaba sun daɗe suna gyara wannan. David Imbua ya wallafa maƙala a 2013 yana cewa an ƙwace haƙƙin wasu an ba Slessor. A ganina ya yi gaskiya a jigon maganarsa, muddin ba a juya ta ta zama sabuwar tatsuniya ba. Hujjojin da ake kafawa da su don rage wa Slessor kaso, yawancinsu daga alƙalamin Waddell da Goldie da Anderson suka fito.

Yadda ya kamata a karanta su

Waɗannan limamai shaidu ne masu kaifin ido, amma masu ra'ayi. Suna kiran addinin Efik da kalmomin raini, suna auna komai da ma'aunin Sikotland. Sai dai horon da suka samu ya sa suna rubuta abin da abokin gardamarsu ya faɗa, ko da don su rushe shi. Ta haka muryar Eyo ta tsira.

Suna kuma da tabonsu. A shekarun 1850 tambaya ta taso: mai bayi zai iya zama ɗan coci? A Kalaba kusan duk mai hali yana da bayi, kuma doka ba ta san 'yantaccen bawa ba. Waddell da abokansa suka tsaya a tsakiya: a karɓi mutum in ya sa hannu cewa zai riƙe bayinsa a matsayin barori, ba zai sayar da su ba. Masu adawa da bauta a Sikotland suka yi ca a kansu. A Amurka kuwa abin ya fi muni, don manyan malaman tauhidin Presbyterian na kudu irin su James Henley Thornwell da Robert Lewis Dabney sun rubuta suna kare bauta da ayoyi. Cocin nan guda kuma shi ya naɗa Edward Wilmot Blyden fasto a Laberiya a 1858, mutumin da ya ajiye muƙamin daga baya ya fitar da littafinsa na 1887 yana yaba yadda Musulunci ya zauna da baƙar fata, yana sukar girman kan 'yan mishan.

Aikin da ya fi daɗewa shi ne na harshe. Goldie ya fitar da ƙamus ɗin Efik a 1862, ya fassara Sabon Alkawari, Alexander Robb ya kammala Tsohon Alkawari a 1868. Efik ya riga Yarbanci samun cikakken Littafi Mai Tsarki, na Hausa kuwa sai 1932. A wannan aiki ma akwai hannun 'yan ƙasa, musamman Esien Esien Ukpabio, mutum na farko da aka yi wa baftisma a 1853, bayan shekara 7 ana wa'azi, wanda ya zama fasto ɗan ƙasa na farko a 1872. Ko waken esere bai tafi a banza ba: samfurin da 'yan mishan suka aika Edinburgh ne likitoci suka bincika, aka samo sinadarin da aka yi amfani da shi wajen maganin hawan jinin ido.

Ina ruwan mai karatu na yau?

Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895, wadda Slessor na cikin masu matsa a kafa ta, ta koyar da kafinta da ɗab'i da ɗinki tare da boko. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya ratsa ta, haka Akanu Ibiam, wanda ya shugabance ta kafin ya zama gwamnan Jihar Gabas a 1960. A wannan shekarar ce cocin ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu na cocin Presbyterian na Najeriya. Majalisar gundumarsa ta farko, ta 1858, sunanta Biyafara, daga sunan gaɓar tekun yankin, fiye da shekara 100 kafin yaƙin basasa.

Ga malamin firamare, gyaran ba shi da tsada. Amsar da ta fi kusa da takardun ita ce: sarakunan Efik da ƙungiyar Ekpe ne suka kafa dokokin farko bisa matsin 'yan mishan da 'yan kasuwa da bayin gonaki, yarjejeniyar 1878 ta haramta kashe tagwaye a Duke Town, Slessor kuma ta kai yaƙin Okoyong da ƙasar Ibibio. Ga masu aikin kare yara kuma maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce, domin a 'yan shekarun nan jaridu sun ba da rahoton wasu ƙauyuka a kewayen Abuja da ake gudun tagwaye da jaririn da uwarsa ta mutu wajen haihuwa, har wani gidan marayu a yankin Kuje na karɓar irin waɗannan yara. Hanyar da ake bi a can ita ce dai ta Kalaba: mafaka, da lallashin masu gari, da wani na ciki da zai kawo labari kafin a makara.

Kundin da Waddell ya rubuta da hannunsa yana ɗakin karatu na ƙasa a Edinburgh, wasiƙun Slessor da dama suna Dundee. Littafin Waddell da na Goldie kuwa sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet.